TARIHIN BORIS: ƘARAMIN ƘARFEN DA TAYAR MOTARKA KE JUYAWA A KANSA

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da kwamfuta, mu leƙa ƙarƙashin mota. Rubutun yana da ɗan tsawo, amma a daure a karanta har ƙarshe, musamman direbobi da masu mota da yaran gareji.

Kowa ya san boris. Muna yara mun ga yadda ake tsinto tsohonsa a gareji a sa wa katako a yi motar wasa. Yana cikin fanka, yana cikin injin niƙa da janareta da babur da keke. Amma wanda ya fi haɗari idan ya lalace shi ne na tayar mota, domin duk nauyin motar da mutanen cikinta da kayansu a kansa yake, kuma a haka yake juyawa. Tayar ƙaramar mota tana zagayawa kamar sau 500 a kilomita ɗaya. Ke nan daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kusan kilomita 230, kowace taya ta juya sama da sau dubu ɗari. Duk wannan juyin, boris ne ya ɗauke shi.

Abin da ya sa na ga ya kamata mu bi tarihinsa shi ne, boris ɗin da ke motocin yanzu ya sha bamban da wanda iyayenmu suka sani. Yadda ake kula da na da, idan aka yi wa na yanzu haka an kashe shi. Wanda ya san yadda abin ya faro, zai gane dalilin ƙugin da yake ji a gaban motarsa, kuma zai gane ko bakanike yana yi masa aiki daidai.

MATSALAR DA TA HAIFAR DA BORIS

Matsalar ita ce gogayya. Ka ɗora buhun siminti a ƙasa ka ja, za ka sha wahala. Ka sa masa guntayen bututu a ƙarƙashi, ko yaro sai ya tura shi. Abin da ke mirginawa ya fi abin da ake ja sauƙin tafiya, wannan shi ne gaba ɗaya sirrin boris.

Mutanen da sun fara da zuba ruwa ko mai. A wani kabari a Masar, na wani babban mai mulki da ake kira Djehutihotep, wanda ya rayu kusan shekara 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai zanen mutane da yawa suna jan wani ƙaton gunki a kan katako, ga mutum ɗaya a gaba yana zuba ruwa a ƙasa don janta ya yi sauƙi. Tayar keken doki kuwa shekaru dubbai a kan sanda take juyawa kai tsaye, sai dai a riƙa shafa mata kitse. Kitse na bushewa sai ƙara da zafi, wani lokaci har itacen ya kama hayaƙi.

A Italiya akwai wani tafki mai suna Nemi. Sarkin Rum Caligula, wanda ya yi mulki daga shekara ta 37 zuwa ta 41 miladiyya, ya sa an ƙera masa manyan jiragen ruwa biyu a ciki, daga baya suka nutse. Sai wajen 1929 zuwa 1932 aka janye ruwan tafkin aka fito da su. Cikin abin da aka samu har da ragowar wani dandamali mai juyawa a kan ƙwallayen tagulla. Jiragen sun ƙone a 1944 lokacin yaƙi, amma an riga an ga shaida cewa dabarar ta kusa shekara dubu biyu.

Wajen shekarar 1500, Leonardo da Vinci ya zana boris a littattafan ajiyarsa, kuma ya lura da wani abu mai muhimmanci. Idan ƙwallaye biyu suna juyawa suna taɓa juna, a daidai inda suka haɗu ɗaya sama yake yi ɗaya ƙasa, sai su riƙa gugar juna. Don haka ya zana abin da zai raba tsakaninsu. Shi ne kejin da kake gani yau yana riƙe da 'ya'yan boris kowanne a gurbinsa. A shekarun 1740, wani maƙerin agogo ɗan Ingila, John Harrison, ya yi amfani da irin wannan keji a agogon jirgin ruwa da ya shafe kusan shekara 19 yana haɗawa.

DAGA KEKEN DOKI ZUWA KEKEN HAWA

Wanda aka fi ambata a matsayin na farko da ya yi rajistar boris na taya shi ne Philip Vaughan, mai sana'ar ƙarfe a garin Carmarthen na yankin Wales, a 1794. Ya yanka kwari a jikin sandar tayar keken doki, ya jera ƙwallayen ƙarfe a ciki suna bin kwarin. Dabara ta yi, amma ba ta yaɗu ba, saboda wani dalili ɗaya: ba a iya yin ƙwallaye masu girma ɗaya ba. Idan ƙwallo ɗaya ya ɗara sauran ko da kaɗan ne, shi kaɗai zai ɗauki nauyin, ya fashe, ya ɓata sauran.

Keken hawa ne ya farfaɗo da maganar. A watan Agusta 1869, wani mai gyaran keke a birnin Paris, Jules Suriray, ya yi rajistar nasa boris ɗin. A watan Nuwamba na shekarar aka yi tseren keke daga Paris zuwa Rouen, tafiyar kilomita 123. Wanda ya ci, James Moore, kekensa na ɗauke da boris ɗin Suriray. Ya yi sama da awa goma a hanya, amma ya riga kowa. Lura da cewa mai gyara ne ya yi wannan, irinmu masu zama a shago, domin shi ne kullum yake ganin inda abu ke cinyewa.

Sai a 1883 aka warware matsalar ƙwallaye. Friedrich Fischer, a garin Schweinfurt na Jamus, ya ƙera injin da ke goge ƙwallayen ƙarfe da yawa a lokaci guda su fito mulmulalle, girmansu ɗaya. Daga nan ne boris ya zama kayan masana'anta da ake bugawa dubbai. Kamfanin da ya taso daga aikinsa shi ne FAG, sunan da har gobe za ka gani a kwalin boris a kasuwar kayan mota. Ku riƙe sunan garin nan Schweinfurt, za mu dawo kansa.

TIMKEN DA MATSALAR KWANA

Ƙwallo yana ɗaukar nauyin da ya danno daga sama. To amma taya ba nauyin sama kaɗai take sha ba. Duk lokacin da aka sha kwana, nauyi yana tura tayar ta gefe, kamar zai zare ta daga sandarta.

Henry Timken haifaffen Jamus ne da ya tashi a Amurka, yana ƙera keken doki a birnin St. Louis. Ya ga yadda kekunan ke wahala a kwana, sai a 1898 ya yi rajistar boris mai 'ya'ya dogaye masu siffar kofin shayi, wato kai da faɗi gindi a tsuke. Saboda a karkace suke zaune, suna ɗaukar nauyin sama da na gefe a tare. Ya kafa kamfani a 1899, ya mayar da shi Canton a jihar Ohio a 1901, daidai lokacin da sana'ar ƙera mota ke tasowa a wannan yanki.

Wannan shi ne boris ɗin da tsoffin bakanikai suka sani. Guda biyu ake sawa a taya, babba a ciki ƙarami a waje, suna fuskantar juna. Ana iya ciro su, a wanke da fetur ko kananzir, a duba, a cusa sabon giris da hannu, a mayar. Sannan a ɗaure noti ana juya tayar, a ɗan sassauta shi kaɗan, a sa fil ya riƙe. Idan taya ta fara lilo, sai a ƙara ɗaurewa kaɗan. Idan aka matse da yawa, boris ya yi zafi ya ƙone. Aiki ne na hannu da ji a jiki, kuma shekaru da dama a haka aka tafi.

SUWIDIN, DA YADDA BORIS YA HAIFI MOTA

A birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin akwai wani injiniya, Sven Wingquist, da ke kula da injinan wata masaƙa. An gina masaƙar a kan ƙasa mai laka, gini na ɗan motsawa, sandunan injin na karkacewa, boris na ta mutuwa. A 1907 ya ƙirƙiro boris mai layi biyu na ƙwallaye wanda ke daidaita kansa ko sanda ta ɗan karkace. A shekarar aka kafa kamfanin SKF.

Ga wani abin da ba kowa ya sani ba. Sunan Volvo, asali SKF ne suka yi rajistarsa a 1915 don wani nau'in boris. Kalmar Latin ce mai nufin "ina mirginawa". Daga baya aka ba wa motar da ma'aikatan kamfanin suka fara ƙerawa sunan, ta farko ta fito a 1927. A Japan ma a wannan zamanin aka kafa NSK a 1916, NTN a 1918, Koyo a 1921. Yawancin motocin Japan da muke hawa, boris ɗin waɗannan kamfanoni ne a tayoyinsu.

Wani injiniyan SKF, Arvid Palmgren, shi ya fara fitar da lissafin tsawon ran boris a 1924, sannan shi da Gustaf Lundberg suka kammala shi a 1947. Ga abin da lissafin ya nuna, kuma direbobin haya su saurara da kyau. A boris mai ƙwallaye, idan ka ninka nauyin da yake ɗauka sau biyu, ransa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas yake komawa. Motar da aka yi don mutum biyar, aka cusa mata tara, aka ɗaure buhuna a but har murfi ba ya rufuwa, kada mai ita ya yi mamaki idan kowane 'yan watanni yana gareji. Lodin ne ke cin boris ɗin.

RANAR DA AKA YI YAƘI A KAN BORIS

A Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta yi wani lissafi. Tankar yaƙi, jirgin sama, babbar mota, jirgin ƙarƙashin ruwa, babu wanda zai motsa ba boris. Kuma kusan rabin boris ɗin Jamus a gari ɗaya ake yin sa, wato Schweinfurt. Sai suka ce a rusa masana'antun boris na garin, yaƙi ya tsaya.

Ranar 17 ga Agusta 1943 jiragen yaƙi 376 suka tashi zuwa Schweinfurt da Regensburg, aka harbo 60. Ranar 14 ga Oktoba aka sake tura 291 zuwa Schweinfurt, aka sake rasa 60, kowane jirgi kuwa mutum goma yake ɗauka. Asarar ta yi yawan da sai da Amurka ta dakatar da irin wannan hari mai nisa na 'yan watanni. Jamus ta yi amfani da damar ta rarraba masana'antun, ta ci gaba da sayo boris daga Suwidin. Ministan makamanta, Albert Speer, ya faɗa bayan yaƙi cewa da an ci gaba da harin ba ƙaƙƙautawa, da abin ya durƙusar da su.

Ita ma Birtaniya boris ɗin Suwidin take nema ido rufe. A watan Janairu 1941 jiragen ruwa biyar suka sulale daga Gothenburg suka keta shingen Jamus ɗauke da boris da ƙarfe. Daga baya har jiragen sama masu gudu aka riƙa turawa Stockholm da dare suna ɗauko shi. Ƙarfen da muke wurgarwa a bayan gareji ke nan, mutane sun ba da rayukansu a kansa.

YADDA AKA RUFE BORIS AKA HANA SHI GIRIS

Tsoffin motoci tayoyin baya ne ke ja, na gaba sitiyari kawai suke bi. Sai Citroën ta Faransa ta fito da mota mai jan gaba a 1934, Mini ta Ingila ta biyo a 1959, Golf ta zo a 1974, daga nan yawancin ƙananan motoci suka koma jan gaba. Yanzu tayar gaba ita ke ja, ita ke kwana, ita ke ɗaukar mafi yawan birki, kuma dole shaf ya ratsa ta tsakiyar boris ɗin. Wuri ya yi kaɗan, tsohon tsari na boris biyu da fil bai dace ba.

Sai kamfanoni suka haɗe biyun suka zama ɗaya: zobe ɗaya na waje mai faɗi, layi biyu na 'ya'ya, giris a ciki tun daga masana'anta, roba ta rufe gefe da gefe. Wannan shi ne zubi na farko, wanda ake dannawa cikin ƙarfen da ke riƙe da taya da injin dannawa. Zubi na biyu ya zo haɗe da faifan da ake ɗaure taya ko jikin mota a kai. Zubi na uku kuwa komai a haɗe yake, hob da boris abu guda, noti uku ko huɗu za ka kwance ka cire ka sa sabo.

Golf 3 da ta cika hanyoyinmu misali ce mai kyau, domin zamani biyu ne a jikinta. Gabanta rufaffen boris ne da ake dannawa, bayanta kuwa irin na Timken ne da ake wa giris ana daidaita noti.

A 1978 Mercedes da Bosch suka fito da birkin ABS mai aiki da lantarki, wanda dole ya san gudun kowace taya. Da farko wani zobe mai haƙora ake sawa, sensa na ƙirga haƙoran. A motoci da yawa na baya-bayan nan an mayar da abin cikin boris ɗin kansa: robar gefe ɗaya tana ɗauke da maganaɗisu, sensa na karantawa. Ka ga boris ya shigo layinmu na masu lantarki ke nan.

Abin da za a riƙe a nan: rufaffen boris ba a buɗe shi, ba a ƙara masa giris, ba a gyara lilonsa da ƙara ɗaure noti. Idan ya fara ƙugi ko lilo, ya gama aiki, sai canji.

YADDA ZA KA GANE ƘARAR

A gyaran waya, wanda bai auna ba ya hau canza kaya, kuɗin mutane yake ƙonawa. Haka abin yake a mota. Ba kowace ƙarar gaba ce boris ba.

1. Boris: ƙugi ne "wuuuu" ko gurnani kamar jirgi na wucewa daga nesa. Yana bin gudun mota, ba ya bin ƙarar inji. Ka ƙara gudu ya ƙaru, ka ɗaga ƙafa daga totur yana nan, har sai gudun ya ragu.

2. Gwajin kwana: a hanya mai kyau wadda ba motoci, a gudu matsakaici, ka ɗan karkata hagu sannan dama a hankali. Idan ka karkata hagu nauyi na komawa tayoyin dama. Idan ƙugin ya ƙaru a lokacin, galibi na dama ne. Idan a karkatar dama ya ƙaru, galibi na hagu ne. Na ce galibi, domin boris mai layi biyu yakan yaudari kunne, sai an ɗaga mota an tabbatar.

3. Kan shaf: "ƙas-ƙas-ƙas" yake yi idan ka murɗe sitiyari sosai kana tafiya a hankali. Duba robarsa, yawanci za ka tarar ta yage, giris ya fantsama.

4. Taya: wadda ta cinye ba daidai ba tana ƙugi sak irin na boris. Bambancin shi ne ƙararta na canzawa idan kwalta ta canza. Shafa hannu a kanta ka ji ko akwai tudu da kwari. Ka mayar da tayoyin gaba baya, idan ƙarar ta bi su, taya ce.

5. Birki: ƙiii ko gugar ƙarfe, wadda ke canzawa da zarar ka taka birki.

6. "Ƙwal-ƙwal" a gargada ko rami: wannan ya fi kama da boljoyin, tarod ko shoka.

Bayan haka a ɗaga motar a ƙasa mai tauri, a tokare tayoyin da ke ƙasa, a sa mata ƙafar ƙarfe. Kada a dogara da jak kaɗai, jak yana sauka ba sallama. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In akwai lilo, boris ne ko boljoyin. In kuma sai ka kama ta hagu da dama take lilo, a duba tarod. Sannan ka juya tayar da hannu ɗaya, ɗaya hannun ka riƙe sifirin ɗin shoka. Lalataccen boris za ka ji garas-garas ɗinsa a tafin hannunka. A sani cewa rufaffen boris yana iya yin ƙugi tun bai fara lilo ba. Wasu alamun su ne tsakiyar taya ɗaya ta fi 'yar uwarta zafi bayan tafiya, ko fitilar ABS ta kama.

Wayarka ma za ta taimaka. Ka sa wanda ke gefenka ya ɗauki sautin, ka kunna wa bakanike. Direba dai hannunsa na kan sitiyari.

MAGANAR GUDUMA

A 1900 wani injiniyan Suwidin, Johan Brinell, ya fito da hanyar auna taurin ƙarfe: a danna ƙwallo mai tauri a jikinsa a auna girman lotsawar. Shi ya sa injiniyoyi ke kiran lotsawar da 'ya'yan boris ke yi wa zobensu da sunansa. Abin da faɗawa rami da gudu ke yi ke nan, kuma abin da guduma ke yi ke nan. Lotsawar ido ba ya ganinta, amma kowane juyi sai ƙwallo ya faɗa cikinta, har wurin ya fara ɓarewa.

A 1937 wani injiniyan General Motors, J. O. Almen, ya yi bayanin wani abin mamaki. Sababbin motoci da aka yi doguwar tafiya da su a jirgin ƙasa suna isa da boris mai tabo, alhali ba a tuƙa su ba. Girgizar hanya ce ta sa 'ya'yan suka yi ta gugar wuri ɗaya har suka kore giris. To idan girgiza kawai ta yi haka, ina ga guduma mai kilo biyu?

Don haka idan za a canza maka boris irin na dannawa, tsaya ka ga waɗannan:

Na ɗaya, da injin dannawa za a sa shi. Wajen shigar da shi gidansa, zoben waje kaɗai za a danna. Wajen shigar da hob, zoben ciki za a tokare ta baya. Ƙa'idar ita ce kada ƙarfin dannawa ya bi ta kan 'ya'yan.

Na biyu, a goge gidan tas, a duba hob ɗin ko ya cinye, a mayar da zoben da ke kulle boris a gurbinsa.

Na uku, idan mai maganaɗisu ne, gefen maganaɗisun ya fuskanci sensa. Ka kusanta ƙaramin fil ko allura, gefen da ya kama shi ne. Aka juya shi, fitilar ABS za ta kama, kuma ba ya fitowa lafiya balle a gyara.

Na huɗu, babban notin shaf shi ke matse zoben ciki daidai yadda kamfani ya tsara. A ƙananan motoci da yawa ƙarfin ɗaurinsa ya haura Nm 200, kusan ninki biyu na notin taya, kuma kowace mota da nata adadi. A ɗaure shi da sifana mai awo, a sa sabon noti, a kulle shi. Yaro ya hau bututu yana tsalle ba awo ba ne. Kuma kada a sauke mota a tura ta alhali notin nan a kwance yake, nauyinta kaɗai ya isa ya ɓata sabon boris.

Na biyar, wajen saye. Boris ɗin da aka bugo daga wata mota ya riga ya ji rauni wajen cirewa. In dai na Beljiyom za ka saya, gara ka sayo shi a haɗe da gidansa da hob ɗinsa, ka juya da hannu ka ji santsinsa. In sabo ne, ka sani jabu ya yi yawa, har kwali da tambari ake kwaikwaya. SKF suna da manhaja mai suna SKF Authenticate da ake tura musu hoton kaya su duba, akwai kuma WBA Check da ke karanta lambar jikin kwalin wasu manyan kamfanoni. Araha ba ta ado, balle a abin da ke riƙe da taya.

A ƘARSHE

Boris yana da kirki ɗaya, ba ya mutuwa bai yi magana ba. Yakan yi kwanaki ko makonni yana ƙugi. Idan aka ƙara sautin rediyo aka share shi, giris zai ƙone, keji ya karye, taya ta fara lilo, birki ya rage kamawa. Ƙarshenta ko tayar ta cije ko ta rabu da mota, kuma hakan ya fi faruwa a babbar hanya ana gudu, lokacin da zafi ya kai maƙura. Kuɗin boris da na aiki ba za su taɓa kai kuɗin asibiti ba. A rage lodi, a rage gudu a rami, a guji kutsa mota cikin ruwa mai zurfi da damina, domin ruwa na shiga ya ɓata giris.

Wanda ya san wani direba ko bakanike, ya tura masa wannan rubutu. Iyayenmu bakanikai da ke cikin shafin nan, ku kuka fi mu sanin aikin hannu, muna jiran ƙarin bayaninku a ƙasa. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya. Amin.